Duban Ƙarfe a Tagar Sito

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Na faɗa ne don kada mai karatu ya wahala yana leƙe-leƙe yana neman wanda zai yi wa dariya. Ga ni nan na kawo kaina, har da tabarmata.

A shekarun nan na hamsin da wani abu, lokacin kuza na da daraja kuma Turawa ba su fara ɗaure kayansu ba, ni ne mai sito a wata makarantar koyon sana'a da ke bayan garin Jos. Karatuna ya tsaya a elementare aji uku. Ba ni na bar makaranta ba, ita ce ta bar ni, kuma mun rabu lafiya ba wanda ya nemi wani. Abin da na tsira da shi ya isa in karanta lamba, in rubuta sunana da wata doguwar wutsiya a ƙarshe, in kuma gyaɗa kai in Bature yana magana kamar ina bin sa. A zamanin, wannan ma ilimi ne, har ana ba da mata saboda shi.

Aikin ba mai wuya ba ne. Ina da taga, ina da kujera mai ƙafa uku da rabi, ina da mabuɗi rataye a wuya. Kowane ɗalibi yana da 'yan tagulla uku masu lambarsa. In yana son guduma ko zarto ko magagari, sai ya miƙo tagulla ɗaya, in rataye ta a ƙusar da na ciro kayan, in miƙa masa. Da yamma ya dawo da kaya in mayar masa da tagullarsa. Shi ke nan fa. Mutumin da aikinsa ya ƙare a nan yana da lokaci mai yawa, lokaci mai yawa kuwa a hannun mai rabin ilimi haɗari ne ga jama'a.

Sassa huɗu ne a makarantar: gini, kafinta, lantarki, sai sashen inji. Kowa sashen inji yake so. Kamfanonin kuza na neman masu gyaran injin ruwa da na haƙa, ga kuma shuɗin kayan aiki da ake ba 'yan sashen. Ranar da saurayi ya fara shiga unguwa da shuɗin nan, ko ƙusa bai taɓa miƙarwa ba, an gama raɗa masa suna Injiniya. Uwarsa kuma ta zama uwar injiniya, ko gishiri ta je saye sai an ƙara mata gyara. Dokar makarantar ta ce wanda ya ga sashensa bai karɓe shi ba yana iya canzawa cikin shekarar farko, in waliyyinsa ya sa hannu a takarda. Shekara na cika ƙofa ta rufe: ko ka ƙarasa inda kake, ko ka kama hanyar gida.

Darasin farko a sashen inji babu inji a cikinsa. Guntun ƙarfe ake ba kowa, kamar dunƙulen hannu, baƙi, karkatacce, a ce ya matse shi a benci ya goga da magagari har fuskokinsa shida su daidaita, kowace kusurwa ta zauna daram cikin sukwaya, wato ƙarfen awon kusurwa. Wata uku ana abu ɗaya. Ogan sashen wani Bayarabe ne dogo, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana cin rake. Zai ɗauki ƙarfenka ya ɗora masa sukwaya, ya ɗaga wajen taga, ya kanne ido ɗaya. In haske ya leƙo tsakanin ƙarfe da sukwaya, ko da siririn gashi ne, sai ya ajiye maka abinka ya ce, "Ci gaba," ya wuce.

Da an tashi aiki, ƙarafan nan wurina ake kawo su, in jera a kan katako, kowane da lambar mai shi. A nan ilimina ya tsiro.

Na lura ɗaliban kashi uku ne. Akwai masu hannu. Su cikin wata ɗaya da rabi sun gama, ƙarfensu bai ragu da yawa ba, yana ƙyalli kamar madubin amarya. Waɗannan ba ruwana da su, ko makaho ya shafa ya san za su ci. Akwai masu zuciya. Su kuma a wata na biyu za ka ji an yi jifa da magagari, an zagi ƙarfe, an zagi wanda ya haƙo shi, gobe sai ga takardar canji. A lokacin dariya ake musu. Yau ka zaga Jos, rabin benayen da ke tsaye su suka gina.

Kashi na uku su ne nawa. Masu haƙuri marasa hannu. Mutum zai goga fuska ɗaya ta daidaita, ya juya ya ga ta ɓata maƙwabciyarta, ya gyara maƙwabciyar ta ɓata ta gaba, haka zai yi ta zagaye kamar mai ɗawafi. Ƙarfe kuwa ba ya tsiro. Daga dunƙulen hannu ya koma ƙwan kaza, daga ƙwan kaza ya koma goro, wani ma na ga ya kai shi ƙwayar sukari, kuma har ranar bai daidaita ba. Su ne masu riga kowa zuwa. Su ne masu goge magagari da buroshi kafin su dawo da shi, su gaishe ni har ƙasa. Ba sa fushi, ba sa canji, ba sa gudu. Su zauna shekara uku, su faɗi jarrabawar ƙarshe, su roƙi a bar su su maimaita, su sake faɗuwa, su fita ba takarda sai tafin hannu mai kaushi.

Sai na kafa ma'auni. Na ajiye goro ɗaya babba a kan katakon, ina canza shi in ya bushe, ta hanyar da ake canza goro. Duk wanda ƙarfensa ya kusa goron nan kafin wata na biyu ya ƙare, kuma bai taɓa ɗaga murya ba, na san zai tsufa a sashen. Daga baya na ƙara alama ta biyu: duk wanda ya ari sufana a wurina ranar Asabar don ya je ya ɗauki hoto da ita. Wanda ya aika wa ƙauyensu hoto da sufana a hannu ya riga ya kulle kansa, ya jefa mabuɗin a ramin kuza.

Da farko masinja da kuku kawai nake gaya wa, lokacin hutun rana. Da maganata ta faɗa daidai sau uku ko huɗu, labari ya bazu. Sai ga oga da kansa ya fara biyowa ta tagata, wai yana neman man inji.

"Mai sito," zai ce, yana duban wani wuri dabam, "lamba sha huɗu fa?"

"Zai tsufa a nan, oga."

"Lamba tara?"

"Wannan ka ba shi sati biyu. Zai fasa maka magagari ɗaya ya tafi gini."

Sai ya ce "Hm," ya ɗauki man da ba ya buƙata ya tafi. Wasu ya kira su ya ba su shawara su canza, wasu sun ji, wasu sun ce za su ƙara haƙuri. Har Baturen da ke shugabancin makarantar ya taɓa zuwa, da lofe a baki, ya dubi ƙarafan da goron, ya faɗi wata magana ta hanci. Akawu ya fassara mini cewa wai abin mamaki ne. Sai bayan shekaru na gane duk abin da Baturen ya faɗa haka akawun yake fassarawa. Amma a ranar, hulata sai da ta matse ni.

Ana cikin haka ɗan yayata ya isa shiga makaranta.

Yayar nan tawa ita ta goye ni, saboda haka tana da lasisin zagina har kabari. Waina take soyawa a ƙofar gidanta a Nasarawa Gwom. Mijinta ya rasu yaron yana ƙarami, ni ne waliyyinsa a duk wata takarda, tunda ni ne mai sa hannu da wutsiya. Ya kai shekara sha bakwai, shiru-shiru, ba ya raba hannunsa da 'yar wuƙa da guntun itace. Duk wata kujera da ta karye a layinsu shi ake kai wa. Ni kuwa na dubi wannan na ce alamar inji ce, domin mai gyara ai mai gyara ne.

Ranar cike takarda ya ce mini, a hankali, "Kawu, da kafinta aka sa ni."

"Kafinta? Kana da kawu a tagar sito ka tafi kana shaƙar garin katako?"

Gurbi ɗaya ya rage a sashen inji a shekarar. Na shiga na fita, na gai da akawu da goro, na tuna wa oga man injin da ya sha ɗauka, gurbin ya zama namu. Lamba bakwai.

Sati huɗun farko ban ji daɗin abinci ba. Kullum da yamma in ɗauki ƙarfen lamba bakwai in auna a tafin hannuna, in ji yana ramewa. Har na canza goron ma'auni na sa wani ƙarami, don dai a yi adalci. Ga shi kuma yana riga kowa zuwa, yana goge magagari da buroshi. Na ce wannan tarbiyyar gida ce, ba alama ba.

A sati na shida sai abin ya juya. Fuska ɗaya ta miƙe, washegari ta biyu. Kafin sati na takwas ƙarfen nan ya zama abin kallo. Ina tsaye a bakin taga oga ya ɗora masa sukwaya, ya ɗaga, ya kanne ido, ya juya shi fuska shida. Haske bai sami ko ƙofar allura ba. Oga ya ce "Hm" sau biyu. Tun da aka kafa makarantar ba wanda ya taɓa samun biyu.

Ranar na hau keke ban san lokacin da na kai Nasarawa Gwom ba.

"Yaya, albishirinki. Kin haifi injiniya."

"Mutum dai na haifa," ta ce, ba ta ɗago daga tanda ba. "Matsa, kana tsaye a kan itacena."

Rashin murnarta bai hana ni ba. Na sanar da masu cin waina, na sanar da masu jiran waina, na sanar da wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya kawai. A makaranta kuwa na faɗa a gaban oga da akawu da kuku cewa a duk shekarun da na yi ina duban ƙarfe ban taɓa ganin hannu irin na lamba bakwai ba, kuma ba don jinina ne ba.

Shekara ta kusa cika, saura kwana tara a rufe canji. Damina ce. Ranar an yi ƙanƙara da tsakar rana, irin wadda ke sa kwanon rufi ya yi ta ihu, kowa ya fake inda ya samu. Sai ga ɗan yayata ya shigo sito ta ƙofar baya, shi da wani abokinsa ɗan sashen kafinta, Birom, gajere mai faɗin kafaɗa, daga wani ƙauye bayan Bukuru. Suka durƙusa su biyu. Durƙuson ya yi tsawo, na san ba gaisuwa ce kaɗai ba.

"Kawu, magana ce."

"Ina ji."

Ya dubi abokin. Abokin ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Baba mai sito, ƙarfen nan na lamba bakwai, ni na goga shi."

Ƙanƙara na dukan kwano, na yi kamar ban ji ba, ya maimaita da ƙarfi.

Ashe uban abokin maƙerin fartanya ne, a bakin maƙera ya yi rarrafe. Sashen inji ya nema aka ce gurbin ƙarshe wani ya riga shi, aka tura shi kafinta. Ban tambayi wanda ya riga shi ba. Katako kuwa ya ƙi shi ƙiri-ƙiri, in ya sa zarto a layi sai zarton ya tafi yawo. Suka haɗu da ɗan yayata a bayan rumfar gawayi lokacin hutun rana, kowa da baƙin cikinsa a aljihu. Sai suka yi musaya. Wannan ya goge wa wancan ƙarfe, wancan ya haɗa wa wannan katako. A sashen kafinta ana can ana yabon abokin, wai ba a taɓa ganin mai haɗa kusurwar akwati kamarsa ba.

"Mun gaya wa ogogin duka biyu jiya," in ji ɗan yayata. "Sun yi faɗa, sun gama. Sun ce mu canza wuri kawai. Baban wannan ya dangwala yatsa a tasa takardar. Saura taka, Kawu."

Ya miƙo takarda.

Yanzu, mai hankali zai karɓi alƙalami a nan take. Ni ma na san haka, don ba jiya aka haife ni ba. Amma ku tsaya ku ji dalilaina, domin ba na wasa ba ne, kwana tara na yi ina gina su. Na farko, in na sa hannu na yarda ke nan an yi wa ma'aunina wasa da hankali a bayan rumfar gawayi, ni da Bature ya ce abin mamaki. Na biyu, an riga an fara kiran yayata uwar injiniya, ko da yake ni kaɗai nake kiran, amma an fara. Na uku, ƙarfe a jininmu yake: shekara tara ina rataye da mabuɗi a wuya bai taɓa ɓata ba. Na ce hannu ai koyo yake, yaron dai bai sake ba ne.

"Bar takardar," na ce. "Za a duba."

Na ɗaga gwangwanin ƙusa na danne ta.

Kullum da safe ya miƙo tagullarsa, ya dube ni. Ni kuma in ce, "Ana dubawa," kamar akwai wani kwamiti a ƙarƙashin gwangwanin. Oga ya wuce ta taga sau biyu bai nemi mai ba, bai kuma tambayi lambar kowa ba. Ya ce kawai, "Mai sito, Juma'a ne ƙarshe," ya tafi.

Ranar Juma'a akawu zai rufe littafin canji da sha biyun rana. Sha ɗaya da rabi sai ga yaron a taga.

"Kawu, yau ne."

"Na sani. Alƙalamina na bari a gida."

"Ga na akawu, na aro."

"Wannan bakinsa ya yi kauri, ba zai fitar da wutsiyar ba."

"Ko ba wutsiya za su karɓa."

"Ga shi kuma hannuna na ciwo tun jiya. Sanyin nan ne." Na riƙe wuyan hannuna na yamutsa fuska.

Ya dubi hannun nawa. Sannan ya zaro wani ɗan gwangwanin tawada daga aljihu. Ashe ya san kawunsa.

"To ka dangwala, Kawu. Yatsa ɗaya ne."

A nan fa na sami abin da nake nema. Na miƙe tsaye, kujera ta faɗi.

"Ni? In dangwala? Mutumin da ya zauna a aji shekara uku ya dangwala yatsa a takardar gwamnati, akawu ya gani, Bature ya gani? Ka raina ni ke nan."

Na yi ta faɗa a kan darajar ilimi, na kawo misalai, na kawo tarihin malaminmu na elementare da bulalarsa, ina yi ina sauraron ƙarfen sha biyu da kunne ɗaya. Da aka buga, sai na ji hannun ya ɗan yi sauƙi. Yaron ya mayar da tawadarsa aljihu, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Kawu," ya koma benci.

Abokin nasa Allah ya dube shi. A satin nan wani ɗan sashen inji ya yi jifa da guduma ya bi motar kaya zuwa kudu, gurbi ya buɗe, aka ba shi tunda takardarsa na nan da dangwale. Wannan mai gudun ma na faɗa tun farko zai gudu, a rubuta mini wannan. Sai dai daga ranar babu sauran musaya a bayan rumfar gawayi. Su biyu suna benci ɗaya a gaban idon oga, kowa hannunsa ya fishe shi.

Shekara ta biyu aka fara taɓa inji. Aka ba kowa tsohon injin ruwa ya kwance ya mayar. Lamba bakwai ya kwance nasa tsaf, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su a tsumma bisa tsawo kamar sahun salla. Sati uku yana mayarwa. Da ya gama, injin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba ya motsi, kuma noti bakwai da wani ɗan ƙarfe mai kama da kunne sun rage ba su da wurin zama. Wani zai zuba su a aljihu ya jefar a hanya. Shi ya nemi guntayen katako, ya yi musu ɗan akwati mai murfi mai zamewa, kowane noti da ɗakinsa, ya kai wa oga da hannu biyu. Oga ya dubi injin, ya dubi akwatin, ya ja murfin ya mayar, ya sake ja ya mayar. Ya zazzage notin a benci, ya tafi da akwatin gida. An ce matarsa 'yan kunne take ajiyewa a ciki.

Da yamma ya biyo ta tagata.

"Mai sito, lamba bakwai fa?"

Na ce ina ƙirga tagulla, kada ya ɓatar da ni.

Yaron bai taɓa yi mini ƙorafi ba, da ya yi da na ji sauƙi. Ya riga kowa zuwa, ya bar kowa ya tafi, ya goge kayan aiki har su yi ƙyalli, ya gaishe ni har ƙasa. Kujerata ma ya ɗauka wata rana ya cika mata ƙafa ta huɗu ba tare da na roƙa ba, na zauna a kai na ji ban ji daɗi ba. Shekara ta uku ya faɗi jarrabawar ƙarshe. Abokinsa ya ci, kamfanin kuza ya ɗauke shi tun kafin tawadar takardarsa ta bushe. Ni kuma, don in nuna ban yi kuskure ba, na sake shiga na fita na samar wa lamba bakwai damar maimaitawa. Ban ma tambaye shi ba. Ya ce, "Na gode, Kawu." Ya ƙara shekara, ya sake faɗuwa, da maki daidai da na bara, ko don nuna riƙon amana.

Ya fita yana da shekara ashirin da ɗaya, ba takardar inji, ba ta kafinta. Wani tsohon kafinta a hanyar Rikkos ya karɓe shi, ya fara daga sharar garin katako kamar kowane sabon shiga. Ban ji ya yi kuka da hakan ba. An ce ma ranar farko yana fito.

Saura yayata. Sati biyu ina zagaye layinta da keke ta wata hanya. A saninna ba ta san labarin takarda ba, don yaron ba mai kai ƙara ba ne. Sai na yanke shawara irin ta masu ilimi: in je in riga ta magana, in mayar da abin darasi. Abin da ban sani ba, abokin nan Birom duk Lahadi in an taso daga coci a wurinta yake cin waina, shi kuwa bakinsa ba shi da murfi.

Na je da safe, rana ta ɗan fito, mutane biyar ko shida a kan benci suna jiran layi. Na jingine keke, na gaishe ta, ta amsa da "Ka ga dama." Ta zuba mini waina huɗu a faranti da miyar taushe ta ajiye a gefe. Na ga alamar lafiya, na gyara murya.

"Yaya, abin da ya sami yaron nan, a ilmance ba abin mamaki ba ne. Irinsu muna gane su tun daga nesa."

"Allah?" Ta juya waina.

"Ƙwarai. Ɗalibin da zai daɗe a inda bai dace da shi ba yana da alamomi. Ni na gano su. Bature ma ya shaida."

"To, malam, karanta mana. Ga jama'a, su ma su ƙaru."

Mutanen benci suka juyo. Na ɗaga yatsa.

"Na ɗaya, ƙarfensa ya dinga ramewa bai daidaita ba. Na biyu, ya cika haƙuri, ba ya fushi da aiki. Na uku, ɗaukar hoto da sufana, ko da yake namu bai yi wannan ba."

"Uku ke nan."

"Uku ne. Duk wanda ya haɗa biyu daga ciki, ki ɗaure masa tabarma, zai kwana biyu."

Wani dattijo a benci ya gyaɗa kai ya ce lallai ilimi kogi ne. Na ji daɗi, na miƙa hannu ga faranti. Yayata ta tsame cokalinta daga mai, ta nuna hannun nawa da shi.

"Ka bar alama ta huɗu, kuma ita ba sai an duba ƙarfe ba," ta ce. "A duba wanda Allah ya jarabta da kawun da hannunsa ke ciwo ranar sa hannu, amma bai taɓa ciwo ranar ɗaukar waina ba."